Surukina Ne Ya Yi Jinyata

Doki ya harbe ni a cinyar dama, ƙashin ya karye gida biyu. A fadamar Kudan ne, lokacin matsar rake, ba a daɗe da samun mulkin kai ba.

Ina sunkuye ina kwashe tuƙa daga bakin inji, dokin yana zagayawa da sanda yana juya ƙarfen kamar kullum. Sai motar 'yan siyasa ta biyo hanya da lasifika a kanta. Dokin bai taɓa jin ƙarfe yana magana ba. Ya zabura, ya watso ƙafafun baya. Na ji ƙara kamar an karya rake a gwiwa. Da na duba, tafin ƙafata yana kallon inda ba ya kallo, jini yana bin wando.

Sunana Sale. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba wa ba ƙane. Sanƙarau ya kwashe gidanmu a wani ƙauye kusa da Paki ina yaro, ni kaɗai ya bari. Na yi kiwo, na yi dako, na yi ƙwadago, har na faɗo hannun wani dattijo mai gonar rake a Kudan. Shi ba shi da ɗa namiji. Ya ga ba na ƙyuya, ba na ɗauke-ɗauke, ya ba ni 'yarsa Hansai, ya yanka mini wuri a bayan gidansa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa ba. Baba nake cewa.

Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun ran da aka ɗaura aure ban ƙara cin komai a gabansa ba, ko goro. In na hango shi, sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Shi ma ya daina kiran sunana. In yana son abu, iska yake gaya wa: "A ɗaure dokin nan." Sai in ɗaure. Haka muke, kuma ba wanda ya ga aibu a ciki.

Aka ɗauko maɗori daga Janfalan, na gado. Maza suka danne ni, ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera kara ya ɗaure da tsumma. Ban yi ihu ba, don Baba yana zaure. Sannan maɗorin ya sa aka kamo zakara, ya karya masa ƙafa, ya ɗaure ta kamar tawa. Ya ce, "Ran da zakaran nan ya taka, kai ma ka taka."

Ba na zagin maɗori. Ya ɗora mutane da yawa sun miƙe. Amma tawa karaya ce mai rauni, ƙashin ya huda fata, shi kuwa ya rufe raunin da kara. Duk mai karanta wannan ya riƙe: in ƙashi ya leƙo waje, ba aikin gida ba ne.

Mako na farko zafi ne kawai. Mako na biyu ƙafar ta kumbura har kara ya nutse cikin nama, zazzaɓi ya shigo. Masu dubiya suka yi ta kawo shawara. Wata tsohuwa ta ce sammu ne, ai doki ba ya harbin mai ba shi dusa. Wani ya ce a sake maɗori. Wani ya ce kada a kuskura a je asibiti, Turawa ba su san ɗori ba, zarto suka sani. A mako na uku zakara ya sauke ƙafa, ya bi kaji da gudu har yana cara a kan danga. Ni kuwa masu dubiya suka fara gaishe ni daga bakin ƙofa, suna toshe hanci da gefen mayafi. Hansai tana da ciki. Ta shigo da kunu, ta fita ta yi amai, ta dawo tana ba ni haƙuri.

Malamin asibiti na Makarfi ya zo garinmu a kan keke yin lambar rigakafi. Baba ya kamo shi. Malamin bai ko kwance tsumman duka ba, ya ce, "Zariya. Yau, ba gobe ba."

Sai maganar wanda zai bi ni. Ina kwance ina jin su a zaure. Mace ba ta jinya a ɗakin maza, balle mai ciki. Maƙwabta kowa rakensa ya nuna, wanda ya bar nasa ya bar cin shekara. Sai na ji muryar Baba: "A ɗauko mini buta da buzu."

Da na san abin da ke gaba, da na ce a bar ni in ruɓe a ɗakina.

Baba ya sayar da dokin, ya bar raken a tsaye. Aka ɗora ni kan buhunan auduga a bayan babbar mota. Kowane rami na hanya na san shi da cinyata. A asibiti muka tarar da layi, muka yini muka kwana a baranda kafin a sami gado.

Likitan ƙashi Bature ne, tsoho, dogo, kansa fari fat. Ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa. Marasa lafiya suna kiransa Kafinta, don aikinsa da ƙusa ne da guduma da zarto, kuma ya san sunan, yana amsawa. An ce aikinsa ya zo ƙarshe, ya kusa komawa ƙasarsu. Ya kwance ƙafata, ya duba, bai toshe hanci ba. Wannan na riƙe masa har yau.

Ya ce, "Wa ya yi maka wannan?"

Na ce, "Doki."

Ya ce, "Doki ya yi rabi. Zama ya yi sauran."

Suka sa ni barci, suka wanke raunin, suka kwashe mugunya. Da na farka sai na ga ƙusa ta shiga ƙwaurina ta nan ta fita ta can. An ɗaura mata igiya, igiyar ta bi ta kan wani ƙarfe, jakar yashi tana lilo a ƙarshen gado. Likita ya ce haka zan kwanta rigingine wata uku, ba tashi, ba juyi. Na tambayi yadda mutum ke zagayawa. Ma'aikacin ɗakin ya nuna mini wata tasa a ƙarƙashin gado, fo suke ce mata. Ya ce shi kaɗai ne a kan gadajen nan duka, mai jinya shi ke ɗauka wa nasa.

Na kalli tasar. Baba yana tsaye, ya kalli bango.

Na daure kwana biyu. A na uku jiki ya fi ƙarfina. Baba ya ɗaga ni da hannunsa, ya tura tasar, ya juya baya. Da na gama ya wanke ni da ruwan butarsa, wadda yake alwala da ita. Ya ɗauki tasar ya bi tsakiyar ɗaki da ita, da furfurarsa, da rawaninsa, gadaje suna kallo. Mutumin da ya ba ni 'ya. Na ja bargo na rufe fuska. Na sha yunwa a duniya, na sha duka, na kwana a kasuwa, ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. A ƙarƙashin bargon nan na yanke shawara: abin da bai shiga ba, ba ya fita.

A gadon da ke kusa da ni akwai wani Bakano, Malam Garba, mai fataucin goro. Mota ta kife da shi, ƙafarsa tana cikin siminti, amma yana dogara sanda ya kai kansa bayi. Bakinsa ba ya hutawa. Da ya ji ni Bazazzage ne sai ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya kawo mini bawana har gado."

Baba yana sayo tuwo wurin mata a bakin ƙofar asibiti. Sai ya ajiye kwanon a gefena, ya ce wa Malam Garba, "A ce masa ya ci," ya fita gindin mangwaro inda masu jinya ke zama, don ya ba ni wuri. Da ya fita sai in tura wa Bakano kwanon.

"Kai, bawa, ba ka ci?"

"Na ƙoshi."

"Da me? Da iska? To, kawo. Dama tuwon Zazzau sai an taimaka masa."

Ya share kwanon, ya mayar gefena. Baba ya dawo ya ga kwano wayam, ya ce alhamdu lillahi. Ni ruwa nake sha da kurɓin kunu. Fitsari ina yi a kwalba cikin bargo, ma'aikaci ya kwashe da safe. Bayan gida kuwa na mayar da shi sai Juma'a, in Baba ya tafi masallaci, in roƙi ma'aikacin ya taimake ni. Wata Juma'ar ma ba komai.

Wata guda ya wuce a haka. Zazzaɓi ya sauka saboda allura, amma raunin ya ƙi rufewa. Gyambo ya fito mini a baya. Hannuna ya koma kamar sillen kara. In na ɗaga kai sai ɗakin ya juya. Baba ya ga ina ramewa, ya ƙara kashe kuɗi: nama, ƙwai, fura da nono. Ya sayar da babbar rigarsa ta zuwa idi. Duk a cikin Bakano suka tafi, har kumatunsa suka fito. Ina gani. Ban hana ba.

A mako na shida aka tura gadona ɗakin hoto. Washegari Likita ya zo zagaye, ya ɗaga hoton a taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya sallami masu bin sa, ya zauna a bakin gadona. Ban taɓa ganin ya zauna a gadon kowa ba.

Ya ce, "Mai doki, ka ga nan? Bakin ƙashi da bakin ƙashi. Na jera su daidai. Ya kamata a ce sun fara kama juna. Ba su fara ba, kamar jiya ka karye."

Na kalli hoton.

Ya ce, "Na zo ƙasar nan gashina baƙi. Da ina saurayi na ɗauka ni ke haɗa ƙashi. Ƙarya ne. Ni ina jera shi ne kawai, in hana shi motsi. Tuwo ke haɗa shi." Ya kama hannuna ya juya. "Waɗanda na gyara sun tafi da ƙafafunsu, ban ƙara ganinsu ba, na manta fuskokinsu. Waɗanda na yanke kuwa ba wanda na manta. Akwai wani maƙeri, akwai wata yarinya mai tallan gyaɗa. Su zan tafi da su gida, ba wasu ba. An fara ɗaure mini akwatuna. Ba na so taka ta zama ta ƙarshe da na yanke. Amma in raunin nan bai juya ba nan da mako biyu, zan yanke, don kada ya tafi da kai gaba ɗaya."

Sai Malam Garba ya yi gyaran murya. Ban taɓa jin muryarsa ba wasa a ciki sai ran nan.

"Likita, a gafarce ni. Ni ke cinye tuwonsa."

Likita ya juya. "Kullum?"

"Kullum. Har naman. Na ɗauka rashin marmari ne na kwana biyu, daga baya na gane, amma na riga na saba. Dattijon nan da ke ɗaukar masa fo, surukinsa ne. Uban matarsa."

Na so ƙasa ta tsage. Ba dama, ina ɗaure da igiya.

Likita bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na ga wanda tsoro ya ci wa ƙafa, na ga wanda nisa ya ci wa, na ga wanda talauci ya ci wa. Na kunya ma na gani, ba kai ne farko ba. Wannan ba ni da allurarsa." Ya ce ko za a ɗauki wani a riƙa biyansa ya yi aikin.

"A'a."

Baba ne. Yana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ban san tun yaushe ba. Ya ce, "Ina zaune, bare ya ɗauki na gidana? A'a, Likita. Ka je, na ji."

Baba ya fita. Na ɗauka ya yi fushi ya kama hanyar Kudan, har na ji sanyi a raina. Can sai ga shi da kwano, tuwon dawa da miyar kuka da nama. Bai ajiye ya fita ba. Ya zauna a kan gadona, inda Likita ya tashi. Ya dube ni cikin ido.

"Sale."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin aure.

"Sale, da kai nake."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Rigata tana cikin Bakanon nan?"

Malam Garba ya ce, "Wallahi, Baba, har da aljihun."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Na ji abin da ya hana ka ci. Surukuta ce. To, abu mai sauƙi. Ga Malam Garba, ga mutumin gadon can, shaidu sun cika. Saki Hansai."

Na ce, "Baba!"

"Saki ɗaya. In ka sake ta, ni ba surukinka ba ne, wani tsoho ne ɗan garinku. Ka ci, ka yi abin da kowane ɗan Adam ke yi, in kwashe. In ka warke kafin ta haihu, ka mayar da matarka. In ba ka warke ba, ka huta, ita ma ta huta. Na ba ta miji mai ƙafa biyu. Doki bai raba ka da ƙafa ba, maɗori bai raba ka da ita ba, sai ni? A ce ni na gurgunta uban jikana? Faɗi. Kalma ɗaya ce."

Ya riƙe kwanon a gabana.

Na tuna Hansai tana fita ta yi amai ta dawo tana ba ni haƙuri. Sai na sa hannu a kwanon. Na yanko loma, na kai baki, a gabansa, yana kallo. Ya miƙo ruwa. Na haɗiye da hawaye, ni da ban yi kuka ba ran da aka binne uwata. Bai tashi ba sai da na ga ƙasan kwano.

Malam Garba ya ce, "Shi ke nan, an kore ni daga aiki."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Cikin da ya daɗe a rufe ba ya buɗewa da arziki, sai da aka ba ni magani, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk Baba ya kwashe. Ya samo dabara: in zai yi, sai ya ja gefen rawani ya rufe fuskarsa, ya kama hira da Malam Garba a kan farashin mazarƙwaila, ko Kanawa sun iya noma ko ba su iya ba. Suna musu da ƙarfi, hannunsa yana aiki, kamar hannun wani ne. Ni ina ƙarƙashin bargo. Kunyar ba ta ragu ba ko sau ɗaya. Na dai daina bari ta hana ni ci.

Kafin mako biyun su cika raunin ya fara jan nama, ya yi ja, ya daina wari. Likita ya duba, ya ce a ƙara mako biyu. Da aka sake hoto, ya ɗaga a taga ya kira Baba, ba ni ba. Ya nuna masa wani fari-fari kamar hayaƙi da ya kewaye karayar. Ya ce, "Malam, ga tuwonka."

Bai kai ga cire mini ƙusa ba. Ranar tafiyarsa ya bi gado-gado yana sallama. Da ya zo kaina ya ƙwanƙwasa ƙafar da yatsa, ya ce, "Kai zan manta da kai." Na gane abin da yake nufi. Wani saurayin likita, ɗan ƙasa, shi ya karɓi ɗakin, shi ya zare ƙusar, ya koya mini tafiya da sanduna. Hannunsa da sauƙi, Allah Ya saka masa. Abin da zan yi ƙorafi a kai ɗaya ne: ɗaki cike da maza ɗaure da igiya, ma'aikaci guda. Ba kowa ke da wanda zai bi shi ba, kuma ba kowane mai bin mutum ne mutum zai iya buɗe wa jiki ba.

Muka dawo an fara sharar gona. Raken ya bushe a tsaye, maƙwabta sun ceci abin da suka iya. Hansai ta haihu namiji muna can. Mota ta sauke mu a bakin gari, Baba ya riƙe ni har na daidaita a kan sanduna. Sannan ya saki hannuna, ya gyara rawani, ya wuce gaba. Da muka isa ƙofar gida ya ce wa iska, "A shiga da shi, a ba shi ruwa."

Daga ran nan bai ƙara kiran sunana ba. Ni ma na koma tuɓe takalmi, sai dai durƙuso ya gagare ni, ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya yi a Zariya ba, ko matarsa. Ni kuma ban yi masa godiya ba. In na gode, na ambata. In na ambata, na sake tuɓe mu duka biyu. Na ce a raina, tsoho ne, wata rana zai kwanta, in ɗauke masa kamar yadda ya ɗauke mini, ba sai an yi magana ba.

Bai kwanta ba. Bayan 'yan shekaru ya fita duba rake da hantsi, aka same shi a kan kunyar rake, fartanya a hannu, rai ya yi halinsa. Ko ruwa ban ba shi ba.

Ina nan Kudan, a bayan gidansa, ina noman fadamarsa. Ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta kaɗan, ina ɗingishi, in damina ta kama tana yi mini tsami. Amma tawa ce, da ita na bi gawarsa har maƙabarta, da ita na shiga kabarin na karɓe shi.